Burauza ta haɗiye sunan masu kaya

In kana riƙe da wayar Android yanzu haka, ɗan shiga saitin, ka gangara wajen bayanin waya, ka nemi bayanan shari'a, zaka ga wani wuri da aka jera lasisin manhajojin da ke cikin wayar. Danna ka gani. Wani lokacin ma sai wayar ta ɗan yi nishi kafin ta buɗe saboda tsabar tsawon abin, sunayen fayil-fayil ne da sunayen mutane da shekaru da dogon Turancin lauyoyi, kayi ta ja da yatsa har ka gaji baka kai ƙarshe ba. Ba don kamfanin wayar na da kirki ya sa shi ba, dole ce ta sa. Mutanen da suka rubuta waɗancan kod ɗin da yawansu basu karɓi ko sisi daga hannun kamfanin ba, abin da suka nema kawai shi ne in zaka raba kayansu ka bar sunansu da takardar sharaɗinsu su bi kayan duk inda ya je. To wannan dogon rubutun da ba mai karantawa, shi ne biyan.

Abin da ya sa na tayar da zancen, wani ƙanina ne, ba na jini ba, irin ƙannen da sana'a ke haɗa ka da su, ya haɗa wata 'yar manhaja ta rubuta ciniki da bashi don masu shaguna, abin ya ɗan karɓu har wani kamfani mai sayar da na'urorin POS yace yana so ya riƙa zuba ta a na'urorinsa tun daga sito. Ana cikin murna sai mutumin da ke duba musu harkar lasisi ya dawo da saƙo gajere, wai takardar lasisin da ke cikin manhajar bata cika ba, akwai wuraren da aka rubuta shekara babu mai haƙƙi, kuma jerin bai yi daidai da laburarorin da ya gani a ciki ba, wato kod ɗin wasu mutane da aka ɗauko aka gina manhajar da su, a gyara tukuna sannan a ci gaba da magana. Yaron ya buɗe fayil ɗin a editarsa, manhajar da yake rubuta kod da ita, yaga komai na nan, sai ya kira ni ransa a ɓace, Yaya mutumin nan hanyar fasa cinikin kawai yake nema. Nace turo min, amma ni ba a edita zan duba ba, a waya zan buɗe yadda mai shago zai gani.

Ai kuwa mutumin na da gaskiya.

Fayil ɗin HTML ne, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, guda ɗaya da manhajar ke buɗewa a cikin kanta. Ba da hannu aka rubuta shi ba, wani sikirif ne, wato ɗan kod mai yin aiki da kansa, da abokin da suka fara aikin tare ya bari, yana bi folda-folda yana tsinto takardar lasisin kowane laburare, ya manna su a jere, ya sa wa kowanne kanu, shikenan. Tunanin ba laifi, haka ma ya kamata a yi. Sai dai manna su yake ɗanye yadda ya same su, ya manta kafin rubutun ya kai idon mutum sai ya bi ta hannun burauza, ita kuwa burauza tana da tata fahimtar.

Abin da ya fi yawa shi ne alamomin nan biyu, < da >. A HTML in burauza taga ta farkon harafi na biye da ita, ɗauka take umarni ake bata, ba rubutun da zata nuna wa mutum ba. Su kuma masu rubuta kod tun zamanin da al'adarsu ce su rubuta shekara, su rubuta suna, sannan su sa adireshin imel a tsakanin waɗannan alamomin biyu. Burauza na isowa wajen sai tace wannan wani tag ne da ban sani ba, kuma abin haushin bata ƙorafi, ba jan rubutu ba gargaɗi ba komai, shiru zata haɗiye shi ta wuce gaba abinta. Da gangan aka gina ta haka, don da burauza na tsayawa a kan kowane kuskure da rabin intanet bai buɗe ba. In marubucin ya sa suna da imel, imel ɗin ne ke tafiya, da sauƙi. Amma akwai waɗanda adireshin aikinsu kaɗai suka sa ko imel kaɗai, su kam gaba ɗaya suka ɓace, sai kaga layi ya fara da maganar haƙƙin mallaka ya kawo shekara ya tsaya cak, ba a san na waye ba. Kuma lasisin MIT, wanda shi ne ya fi yawa a jerin, kusan sharaɗi ɗaya tal gare shi: sanarwar haƙƙin mallakar nan da takardar izinin su kasance a cikin duk kwafin da ka raba. Abu ɗaya aka ce kayi, shi ɗin ma ya zube a hanya.

Yaron yace ai sikirif ɗin na saka su a cikin tag ɗin pre. Wannan ruɗin ba shi kaɗai ke yinsa ba, na sha jin manya ma suna faɗa. Aikin pre kawai ya bar maka tazara da karyewar layi yadda ka rubuta su, baya hana burauza karanta tag a cikinsa ko kaɗan. In kana so alamar ta fito a matsayin rubutu sai ka rubuta ta da sunanta na HTML, < a madadin ta farko, > a madadin ta biyu, ita ma alamar & sai ta koma &.

Na biyu kuma duk Bahaushen da ya taɓa rubuta ƙ ko ɗ a kwamfuta ya tura wa wani ya san shi. Fayil ɗin an ajiye shi da UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ke ɗaukar na kowane harshe, amma ba a faɗa wa burauza ba, sai ta karanta shi da tsohon tsarin Windows, alamar © ta koma Â©, sunayen marubutan Jamus da Faransa da Foland masu ɗige-ɗige a kai suka koma wasu irin haruffa da ko mai sunan bazai gane kansa ba. Daidai yadda ƙ ɗinmu ke komawa Æ™, ɗ ta koma É—. Maganinsa layi ɗaya ne na meta da ke cewa UTF-8, a saman fayil, a cikin bayit 1024 na farko, in ka kai shi can ƙasa kamar baka sa ba. Wannan bai ci mana lokaci ba.

Na ukun ne ya sa na gyara zama. Na ƙirga kanun da ke cikin fayil ɗin a edita, na ƙirga waɗanda ke fitowa a waya, basu zo ɗaya ba, akwai wani yanki babba a tsakiya da baya fitowa kwata-kwata. Ashe ɗaya daga cikin laburarorin ba shi da takardar lasisi daban, a saman wani fayil ɗin XML ya rubuta sanarwarsa a cikin kwament, wato bayanin gefe da ba a nunawa a allo, sikirif ɗin kuma ya yanko layukan farko ya ɗauko har da alamar buɗe kwament, wato <!-- , ya bar ta rufewa a can baya. A HTML in ka buɗe kwament baka rufe ba, duk abin da ya biyo baya kwament ne har sai an ci karo da wata alamar rufewa ko a kai ƙarshen fayil. Anan sai da aka tsallake lasisi da dama kafin a ci karo da wata a jikin wani laburaren daban. Na cire alamar, na sake buɗewa, sai ga su sun fito, cikinsu har da wanda yaron bai san yana ɗauke da shi ba: lasisin GPL bugu na 2, wanda ya fi sauran tsauraran sharuɗɗa, a kan laburaren da ke fitar masa da rasit a PDF.

Bari in fara gama maganar rubutun kafin in zo kan wannan, don shi ma GPL ɗin da ya fito a karye ya fito. Sassan GPL daga sifili suke farawa, ba daga ɗaya ba, bugu na 2 daga 0 ne zuwa 12, bugu na 3 daga 0 zuwa 17, aikin masu kod ne ai, su daga sifili suke ƙirga. Kwafin da ke cikin laburaren wani ya taɓa mayar da shi HTML ya zuba sassan a cikin jerin lamba, shi kuwa jerin lamba na HTML in baka ce masa komai ba daga 1 yake tashi. Sai kowane sashe ya matsa gaba da ɗaya. Zakace to sai me? Sashe na 3, wanda shi ne ke maganar raba manhajar da aka riga aka harhaɗa, cewa yake ka bi sharuɗɗan sashe na 1 da na 2 da ke sama. In lambobin suka matsa, mai karatu zai je 1 da 2 ya tarar da wani abu daban, takardar tana nuna masa inda ba nan take nufi ba. Can ƙasa kuma inda GPL ke koya wa mutum yadda zai sa lasisin a nasa aikin, gurbin shekara da gurbin sunan marubuci a tsakanin alamomin nan biyu suke, su ma sun tafi. Alhali a saman takardar ƙarara aka rubuta cewa kowa na iya kwafarta ya raba kalma da kalma, amma ba a yarda a canza ta ba.

Nan ne yace min, to Yaya tsakani da Allah wa zai karanta wannan? Mai shagon da ke rubuta bashin sukari ne zai je sashe na 3?

Nace ba mai karantawa, kamar takardun mota ne, kana iya shekara kana tuƙi ba wanda ya tambaye ka, ranar da aka tsayar da kai a shinge kuwa ba wanda zai saurari cewa ai suna gida. Kuma an sha tsayar da mutane a kan abin da bai wuce wannan ba.

Akwai Robert Jacobsen, malamin fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi abin sha'awarsa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a cikin ɗaki, shi da abokansa suna da manhajar sarrafa su mai suna JMRI. Wani ɗan kasuwa Matthew Katzer, kamfaninsa ya kwashi wasu fayil ɗinsu ya sa a kayan da yake sayarwa. Ɗaukar ba ita ce laifin ba, lasisin ya yarda, abin da aka yi shi ne an cire sunayen marubutan da sanarwar haƙƙin mallaka. Kotun farko ta ɗauki abin a matsayin saɓa alkawari kawai, amma a Agustan 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka tace a'a, waɗannan sharuɗɗa ne na izinin kansa, wanda ya tsallake su ya fita daga izinin, ana iya kama shi da keta haƙƙin mallaka. A 2010 aka sasanta Katzer ya biya dala 100,000. A kan jirgin wasa fa, a kan suna.

Wanda ma ya fi kusa da namu a Jamus aka yi. Harald Welte, ɗaya daga cikin masu rubuta ɓangaren netfilter na Linux, wanda ya kafa gpl-violations.org a 2004, ya kai Skype kotu a Munich saboda wata waya ta kamfanin SMC da suke sayarwa wadda Linux ke ciki. Bayan an yi musu magana sai aka riƙa saka wata 'yar takarda a kwalin da adireshin intanet, wai ga inda zaka je ka samu lasisin da asalin kod. A 2007 kotu tace wannan bai wadatar ba, lasisin cewa yayi ka ba mutum kwafin takardar tare da kayan, ba ka nuna masa hanya ba. To in adireshi mai aiki bai wadatar ba, ina ga takardar da ke kwance a cikin kwament ba mai ganinta.

Kar wani yace wannan ai dokar Turawa ce. Lasisin nan duk a kan haƙƙin mallaka suke tsaye, kod kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana lissafa shi cikin ayyukan rubutu kamar littafi, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Berne da ke kare aikin marubucin wata ƙasa a taka ƙasar. Gaskiya dai ba na jin wani Bajamushe zai taso ya zo kotu a kan manhajar bashin shago. Wanda zai tsayar da kai shi ne kamfanin da kake so ka sayar wa, don shi yana da abin da za a kama, kuma ranar da ya zuba manhajarka a na'urarsa ya sayar, shi ma ya zama mai rabawa, laifinka ya hau kansa. Shi ya sa mutumin nasu bai yi wasa ba, ni kam ban ga laifinsa ba.

Gyaran rubutun ba wuya, abin da na hana yaron yi kawai shi ne ya buɗe fayil ɗin HTML ya bi layi-layi da hannu, don gobe yana ƙara laburare ɗaya sikirif zai sake fitar da sabo da duk ɓarnar. A sikirif aka yi gyaran. Kowace takarda kafin a manna ta sai an sauya alamomin nan uku, kuma da & ake farawa, in ka bar ta ƙarshe zata bi waɗanda ka riga ka sauya ta sake sauya su, sai mai karatu yaga < a fili a tsakiyar rubutu. Ba ma sai ka rubuta da kanka ba, Python na da html.escape da ke yi a layi ɗaya. Kuma nace ya daina ɗaukar kwafin lasisin da wani ya ƙawata, ya ɗauki tsurar rubutu ya zuba a pre, lambobin sassa su zauna a matsayin rubutu yadda marubutan suka sa su. In ma dole sai anyi jerin lamba to a gaya masa ya tashi daga 0, akwai wajen faɗin hakan a tag ɗin, amma ni ban ga amfanin kwalliya a takardar lasisi ba.

Sai muka bi ta kan manhajar tantance HTML ta W3C, Nu Html Checker, tana da sigar da zaka sauke ka ajiye a kwamfutarka in kana da Java, ba sai kana ƙona data kullum ba. A tsohon fayil ɗin kurakuran da ta zubo basu da iyaka, kowane imel ta kama shi a matsayin tag ɗin da bata sani ba, a sabon kuwa tsaf. Amma fa kar ka yarda da koren haskenta ya ruɗe ka. Ita nahawun HTML kawai ta sani. Kwament ɗin da ya buɗe a lasisi ɗaya ya rufe a wani can gaba a wajenta yana iya wucewa lafiya lau, jerin da ya tashi daga 1 maimakon 0 ma ba kuskure bane a idonta. Abin da ke kama irin wannan shi ne ka ɗebo rubutun da ya fito a allo, wanda ido ke gani, ka kwatanta da asalin takardar kalma da kalma, diff, mai nuna bambancin fayil biyu, ma ya isa in ka share bambancin tazara, sannan ka ƙirga laburarorin da ke cikin manhajar ka ƙirga kanun da suka fito, su zo ɗaya.

Wani abu da na lura da shi a gefe, ga masu aiki da JavaScript: in webpack ya matse maka kod yakan kwashe sanarwar lasisi ya zuba a wani ɗan fayil mai ƙarewa da LICENSE.txt, mutane da yawa gani suke shara ce su goge kafin su ɗora. Ba shara bace, sunayen mutane ne a ciki. Haka lasisin Apache bugu na 2, in laburaren ya zo da fayil ɗin NOTICE to abin da ke ciki ma sai ya bi kayan, sikirif ɗin yaron LICENSE kaɗai yake nema, NOTICE ko kallo.

Yanzu ga babbar maganar. MIT da BSD da Apache ka bar suna ka bar takarda kun rabu lafiya. GPL kuwa bai tsaya nan ba, cewa yake in ka raba manhajar da aka gina a kansa to wanda ka ba yana da haƙƙin samun asalin kod ɗin, a ƙarƙashin GPL ɗin, ko dai ka haɗa masa da shi ko ka bashi rubutaccen alkawari mai aiki na aƙalla shekara 3 cewa duk wanda ya nema zaka bashi. Matsayin gidauniyar FSF, masu lasisin, shi ne in ka ɗaure laburaren GPL a jikin manhajarka suka zama abu ɗaya, dukkan manhajar ta shiga sharaɗin, kamfanoni ma a kan haka suke tafiya. Wato ko mun wanke HTML ɗin nan ya fi madara fari, in ba a yi wannan ba ba a bi lasisi ba, sai ma dai mun rubuta da kyakkyawan rubutu cewa ga abin da bamu yi ba.

Kuma irin wannan shigowar ta bayan gida ba a kan yara kaɗai take faruwa ba. A Maris 2021 aka gano wani ƙaramin laburaren Ruby mai suna mimemagic, wanda ke ɗauke da lasisin MIT, ashe akwai fayil ɗin XML na GPL a cikinsa da aka ɗauko daga shared-mime-info. Mai kula da shi ya janye tsofaffin sigogin, sai ga Rails da kanta, manhajar gina shafukan intanet da ta dogara da shi, wadda dubban kamfanoni ke kai, ta kasa girkuwa, sai da suka yi gaggawar fitar da sabuwar siga da ke amfani da bayanan Apache Tika. Harkar PDF kuwa ta daɗe da wannan tarkon, don wasu manyan laburarorinta fuska biyu gare su, ko ka bi GPL ko ƙanwarsa AGPL ka buɗe kod ɗinka, ko ka biya kuɗi ka sayi lasisin kasuwanci. A kan haka Artifex masu Ghostscript suka kai kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu kotu a Amurka, suka sasanta a 2017.

Ni ra'ayina GPL ba abin tsoro bane, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke maganarsa kamar wata cuta. Rautar Linksys WRT54G, na'urar raba intanet, Linux mai lasisin GPL ne a cikinta, a 2003, shekarar da Cisco ta sayi Linksys, mutane suka matsa sai da aka saki kod ɗin, daga wannan kod ɗin OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta, ta taso a 2004, yau ga ta a kan ɗaruruwan nau'in rauta, har waɗanda masu su suka daina sabuntawa tuntuni. Ba don wasu sun nace a bi sharaɗi ba da babu ita. Masu BusyBox, wata manhajar GPL da ake sawa a ƙananan na'urori, ma sun kai ƙara, daga Monsoon Multimedia a 2007 zuwa kamfanoni 14 a lokaci ɗaya a Disambar 2009, cikinsu har da Samsung da Best Buy, mafi yawa sulhu aka yi aka saki kod. Abin da na fi gani da tsauri a bugu na 2 shi ne sashe na 4, kana saɓawa izininka ya faɗi nan take ba tare da an baka damar gyara ba. Bugu na 3 da ya fito a 2007 ya sassauta, in karon farko ne aka sanar da kai ka gyara cikin kwana 30 izininka ya dawo. Shi kuwa na yaron bugu na 2 ne.

Na shimfiɗa masa zaɓin. Ko ya saki kod ɗin manhajar gaba ɗaya a GPL, ko ya nemi masu laburaren ya ji ko suna sayar da wani lasisin, ko ya cire shi. Yace Yaya in na saki kod gobe wani zai canza launi ya sa sunansa ya shiga kasuwa da ita. Nace zai iya, sai dai shi ma dole ya bar sunanka ya kuma saki nasa, amma ban matsa masa ba, abincinsa ne. Cirewa ya zaɓa, kuma abin dariyar Android tun bugu na 4.4 a 2013 tana da nata hanyar fitar da PDF a ciki, PdfDocument, rasit ɗin shago kuwa layuka ne da lambobi, bai taɓa buƙatar wancan ƙaton laburaren ba, a wani darasin bidiyo yaga an yi amfani da shi ya kwafa. Inda muka ɗan ja shi ne tsohuwar sigar da ke hannun masu shaguna, yana ganin tunda ya sabunta magana ta wuce, ni kuma nace waɗancan kwafin an riga an raba su da GPL a ciki, mutanen da suka karɓa haƙƙinsu na nan. A ƙarshe ya ware kod ɗin tsohuwar sigar ya ajiye, ya sa sanarwa cewa duk wanda ya nema za a bashi, ya kuma rubuta wa masu laburaren ya gaya musu abin da ya faru da abin da yayi.

Don gaba kuma na sa shi ya fara rubuta lambar SPDX a saman kowane fayil nasa, layi ɗaya ne da ke faɗin lasisi da gajeren suna da na'ura ke iya karantawa, MIT ko Apache-2.0 ko GPL-2.0-only, Linux kanta tun bugu na 4.14 a 2017 ta fara bin wannan, a 2021 kuma tsarin ya zama ma'aunin ISO. Da ScanCode ko FOSSology, manhajojin binciko lasisi, aka bi ta kan foldar tun farko da tuni GPL ɗin ya fito, don su cikin fayil suke leƙawa ba allo ba. Ya tambaye ni ko ya fassara lasisin zuwa Hausa tunda masu shagunan Hausawa ne, nace ka rubuta musu bayani da Hausa a sama in kana so, abu ne mai kyau, amma takardar asali ta zauna yadda take, FSF bata amince da kowace fassara a matsayin ta hukuma ba ko da wane harshe ce.

Da muka sake ƙirgawa kafin a mayar wa kamfanin, sai ga ɗaya ya rage. Font ɗin da ya sa don ƙ da ɗ da ɓ su fito da kyau a rasit, na SIL ne, lasisin OFL ke kansa, shi ma yana so takardarsa da sanarwarsa su bi shi. Sikirif ɗin foldar laburare kaɗai yake shiga, baya leƙa foldar font da ta hotuna, sai da muka ƙara masa su.